Asma'u 'yar Abubakar: Gidan da Aka Wayi Gari Babu Ko Dirhami Ɗaya

 

'Yan uwa, a unguwanninmu akwai gidaje da yawa da aikin maigida ya tsaya, ko albashi ya daina zuwa kan lokaci, ko kasuwa ta mutu. Saboda su muka ɗauko tarihin Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu, Allah ya ƙara musu yarda, wadda ta ga irin wannan hali a gidan mahaifinta, ta sake ganinsa a gidan mijinta.

An haife ta a Makka shekara 27 kafin Hijira. Yayar Nana A'isha ce ta wajen uba, kuma tana cikin waɗanda suka musulunta da wuri. Ita ce ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Annabi (SAW) da mahaifinta lokacin Hijira, daga nan aka riƙa kiranta Ma'abociyar Ɗamara Biyu.

Abubakar ɗan kasuwa ne, kuma da zai fita ya tafi da duk kuɗin da ya rage masa, dirhami 5,000 ko 6,000. Kakanta Abu Ƙuhafa, tsoho makaho wanda bai musulunta ba tukuna, ya shigo gidan yana faɗan cewa ɗansa ya bar iyali hannu rabbana. Sai Asma'u ta tattara tsakuwa ta zuba a gurbin bango inda mahaifinta ya saba ajiye kuɗi, ta rufe da zane, ta kama hannun tsohon ta ɗora a kai. Hankalinsa ya kwanta. Mu a ganinmu wannan ne ya fi kowane labari nuna halinta: ta san babu komai, amma ba ta bari fargabar ta kai ga wanda ba shi da ikon yin komai a kai ba.

Ta yi hijira da tsohon ciki, ta haifi Abdullahi a Ƙuba, wanda shi ne ɗa na farko da aka haifa wa Muhajirai a Madina. Mijinta Zubairu ɗan Awwam, duk da darajarsa, a lokacin ba shi da dukiya ba shi da bara, sai raƙumin ban ruwa da doki guda. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda ta yi rayuwar wannan gida. Ita ke ba dokin abinci, ita ke jawo ruwa, ita ke ɗinke guga idan ya yage, ita ke kwaɓa gari. Tana ɗauko ƙwallayen dabino a ka daga gonar da Annabi (SAW) ya ba Zubairu, tafiyar da ta haura kilomita 3. Wata rana Annabi (SAW) ya same ta a hanya da kayan, ya durƙusar da raƙuminsa don ya ɗauke ta, kunya da tuna kishin Zubairu suka hana ta hawa.

Akwai wani ɗan abu a wannan ruwaya da ake wucewa da sauri. Asma'u ba ta iya gashin gurasa sosai ba, maƙwabtanta matan Ansaru ne ke gasa mata, ta kuma yabe su da gaskiya da amana. Ba su ba ta kuɗi ba, sun ɗauke mata aiki ɗaya ne daga cikin ayyukan yini. Daga baya mahaifinta ya aiko mata da baiwa mai kula da dokin, ta ji kamar an 'yanta ta. Wato 'yar Siddiƙu ta karɓi taimako daga maƙwabta da dangi, ba ta ɗauke shi abin kunya ba, alhali a yau sai maigida ya yi wata uku ba aiki, liman da na kusa da shi a sahu ba su sani ba.

Da ta samu sauƙi kuma ta tuna da wasu. Wani talaka ya nemi ta bar shi ya kasa kayan sayarwa a inuwar gidanta. Ta san in ta amince ita kaɗai Zubairu zai hana, sai ta ce masa ya dawo ya roƙa a gabansa. Da ya dawo ta nuna kamar ta ƙi, Zubairu da kansa ya ce a bar mutumin. Ya yi ta ciniki a wurin har ya tara kuɗin da ya sayi baiwar nan daga hannunta, ita kuma ta yi sadaka da kuɗin. Dama Annabi (SAW) ya hore ta da ta riƙa ciyarwa kada ta ƙulle hannu. Ko mahaifiyarta Ƙutaila, da ta zo Madina tana mushrika tana neman alheri, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita.

Ta yi tsawon rai, ta makance a ƙarshe amma hankalinta daram. Ta koma Makka wajen ɗanta Abdullahi, ta ƙarfafa shi lokacin da Hajjaju ɗan Yusuf ya yi wa garin ƙawanya. Ta rasu a shekara ta 73 bayan Hijira, kwanaki kaɗan bayan kashe shi, tana da kimanin shekara 100. Allah ya ƙara mata yarda.