Jesse Ramsden, maƙerin da ya raba da'ira da haƙora 2160

Duk wanda ya taɓa kwance fanka mai juya kai ya ga wata 'yar ƙusa mai murɗi da ke tura faifai mai haƙora sannu a hankali. Masu gyara a kasuwannin Tasawa da Mayahi sun san ta sarai. Irinta ce ake sa wa madubin hangen taurari, domin sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma in madubin bai bi ta ba, tauraro ya kan fice daga ido nan da nan. To yau mun ɗauko tarihin mutumin da ya gwanance kan wannan ƙusa.

An haifi Jesse Ramsden a 1735 kusa da garin Halifax na ƙasar Ingila. Da aikin tufafi ya fara. Sai da ya wuce shekara ashirin, a London, ya shiga koyon ƙera kayan awo.

A zamanin, da hannu ake zana layukan digiri a jikin na'urar da matuƙan jirgin ruwa ke auna tsayin rana da taurari. Layi ɗaya ya kauce, jirgi na iya ɓata hanya a teku. Ramsden ya ƙera injin da zai yi wannan rabo. Na farko bai gamshe shi ba, ya sake wani, ya kammala wajen 1775. Faifan tagulla ne, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, da haƙora 2160 a bakinsa. Ƙusa ta juya sau shida, faifai ya matsa digiri ɗaya cif.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ya yanka haƙoran. Ya fara sassaƙa ƙusar da kyau a injin da shi ya ƙera, ya yi wa irinta tsaga-tsaga ta zama kamar zarto, ya bar ta tana cin bakin faifan zagaye bayan zagaye har haƙora suka daidaita. Har gobe masu ƙera madubinsu a gida da wannan dabara suke aiki.

A 1777 hukumar Ingila ta ba shi fam 615, da sharaɗin ya bayyana sirrin ya kuma koya wa wasu. Yaran da ke koyon walda da gyaran inji a wajenmu sun san darajar maigida mai buɗe hannu haka.

Amma fa yana da nawa, babu laifi in mun faɗa. Na'urar da Dunsink ta ƙasar Ireland ta yi oda ba ta isa ba sai bayan rasuwarsa. Wadda ya gama wa Giuseppe Piazzi na Palermo a 1789 kuwa, da ita aka gano Ceres ranar 1 ga Janairun 1801. Ramsden bai ji labarin ba, ya rasu a Brighton cikin Nuwamban 1800.