Richard J. Daley: Ubangidan Siyasar Shikago da Zaɓen Shugaban Ƙasar Amurka

An haifi Richard Joseph Daley ranar 15 ga Mayu, 1902, a Bridgeport, unguwar leburori 'yan asalin Ailan mabiya ɗarikar Katolika a kudancin birnin Shikago. A nan ya tashi, a nan kuma ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Yana saurayi ya yi aiki a kasuwar kara ta birnin, ya riƙa karatun shari'a da dare a Jami'ar DePaul har ya kammala a 1933. Siyasa kuwa daga tushe ya koye ta, yana bi gida-gida neman ƙuri'a ga manyan mazaɓarsa.

An zaɓe shi majalisar dokokin jihar Illinois a 1936. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar Dimokurat na gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta, sannan ya ci zaɓen magajin gari a 1955. Bai saki ko ɗaya daga cikin muƙaman biyu ba har ya mutu, kuma haɗa su a hannu ɗaya shi ne asirin ƙarfinsa: ofishin magajin gari na da guraben aiki, jam'iyya kuma ita ke tantance wanda zai samu.

Tsarin da ya gada, wanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da injin siyasa, ya ginu ne a kan mazaɓu 50 na birnin. Kowace tana da uban jam'iyya, a ƙarƙashinsu akwai wakilan rumfunan zaɓe fiye da dubu uku, galibinsu ma'aikatan hukuma. Wakili shi ke sa a gyara fitilar titi, a kwashe shara, a samar wa ɗan maƙwabci aiki. Ranar zaɓe kuma ya zo karɓar ladansa da ƙuri'a. Wanda rumfarsa ta gaza, aikinsa na cikin haɗari.

Zaɓen 1960 ne ya fito da tasirin wannan tsari fili. John F. Kennedy ya ci Illinois da ratar ƙuri'u 8,858 kacal, bayan gundumar Cook ta ba shi rinjayen da ya haura 300,000 a kan Richard Nixon. 'Yan Rifablikan sun yi ƙorafin maguɗi. Masanin tarihi Edmund Kallina, da ya bi diddigin lamarin, ya tabbatar an yi aringizo, sai dai bai sami hujjar cewa ya kai yawan da zai sauya sakamakon jihar ba. Bugu da ƙari, Kennedy ya sami wakilan zaɓe 303, don haka ko da an cire masa 27 na Illinois, da zai rage da 276, sama da 269 da ake bukata.

Ganiyar ikon Daley ita ce mafarin faɗuwar tsarin. A watan Agustan 1968 Shikago ta karɓi baƙuncin babban taron jam'iyya, inda manyan jam'iyya irinsa suka tsayar da Hubert Humphrey, wanda bai shiga zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba, yayin da 'yan sandan birnin ke dukan masu zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam a gaban kyamarorin talabijin. Humphrey ya sha kaye, har a Illinois. Daga nan jam'iyya ta sauya ƙa'idojinta, ta mayar da zaɓen ɗan takara hannun masu ƙuri'a. A taron 1972 aka hana Daley da wakilansa kujerunsu, aka miƙa su ga tawagar Jesse Jackson da William Singer. A shekarar ce kuma shari'ar Shakman ta haramta korar ma'aikaci saboda siyasa, wato aka fara sare jijiyar tsarin.

Daley ya ci zaɓen magajin gari sau shida. Ba a taɓa gurfanar da shi kan almundahana ba, ko da yake an ɗaure wasu makusantansa. Ana yaba masa da manyan gine-gine, ana kuma zarginsa da ɗorewar wariyar gidaje, wadda Martin Luther King ya yi wa zanga-zanga a birnin a 1966. Ya rasu da bugun zuciya ranar 20 ga Disamba, 1976, yana da shekara 74.