Tarihin Dakta Yusufu Bala Usman, jikan sarakuna mai kishin talakawa

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na daga cikin fitattun malaman tarihi da Najeriya ta taɓa samu, kuma jigo ne a tsakanin masu ra'ayin gurguzu a arewacin ƙasar. Yana cikin ƙalilan daga masu wannan ra'ayi da suka samu damar gwada shi a gidan gwamnati.

An haife shi a shekarar 1945 a Musawa, mai maƙwabtaka da Malumfashi, a cikin jihar Katsina ta yanzu. Mahaifinsa, Durbin Katsina, ɗa ne ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce.

Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, sannan ya wuce Ingila, inda ya kammala digirinsa na farko a Jami'ar Lancaster a 1967. Da ya dawo gida ya koyar a Kwalejin Barewa da ke Zariya, kafin ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya samu digirin digirgir a 1974 a ƙarƙashin kulawar Farfesa Abdullahi Smith.

Bincikensa a kan tarihin ƙasar Katsina ya yi watsi da tunanin Turawan mulkin mallaka na cewa rikici tsakanin ƙabilu, wato Hausawa da Fulani, shi ne jigon tarihin ƙasar. Ya nuna cewa noma da fatauci da ƙaurar jama'a da tsarin mulki su ne suka riƙa sauya al'umma.

Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamitin tsara kundin tsarin mulki a 1975, an sanya shi a ciki. Shi da Dakta Segun Osoba sun ƙi amincewa da daftarin masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton, wanda ya nemi a mayar da ilmi da lafiya da aikin yi su zama haƙƙin kowane ɗan ƙasa. Gwamnatin soja ba ta karɓi rahoton ba.

Gwamnatin PRP a Kaduna

A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta lashe kujerun gwamna a jihohin Kano da Kaduna. A wancan zamani ƙasar Katsina duka, har da Funtuwa da Malumfashi, tana cikin jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina.

Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa bai ɓata lokaci ba ya soke haraji da jangali. Ga manoman auduga da dawa na wannan yanki, da makiyayan da ke zaune tare da su, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin tun zamanin Turawa ta hannun hakimai da dagatai ake karɓar kuɗin, kuma an sha kokawa da irin wulaƙancin da wanda ya kasa biya yake fuskanta. Gwamnatin ta kuma kafa hukumar binciken gonakin da talakawa suka yi ƙorafin an ƙwace musu.

Bala Usman na cikin masanan da suka tsaya bayan waɗannan manufofi, kuma a farkon shekarun 1980 ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jihar. Ke nan jikan sarakuna ya shiga gwamnatin da ke rage ƙarfin masu sarauta.

Sai dai mulkin PRP ya sha bamban da na jam'iyyun kwaminis na gabashin Turai. A Yugoslabiya, wadda Sabiya ke cikinta, jam'iyyar kwaminis ta yi mulki ita kaɗai daga 1945 zuwa 1990, da soja da majalisa duk a hannunta. A Kaduna kuwa ƙuri'a ce ta ba PRP gwamna, amma ta ba jam'iyyar NPN rinjaye a majalisar dokoki.

Majalisar ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata, daga bisani ta tsige shi a ranar 23 ga Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Ita kanta PRP ta dare gida biyu: 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu, da 'yan santsi na ɓangaren gwamnoni, inda Bala Usman yake. A zaɓen 1983 Alhaji Lawal Kaita na NPN ya karɓe jihar.

Bayan siyasa

Bala Usman ya koma aji a Zariya, amma bai yi shiru ba. Ya yi rubuce-rubuce yana sukar sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kuma a 1987 ya fitar da littafi a kan yadda masu mulki da attajirai ke fakewa da addini domin raba kan talakawa.

A 1989, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kore shi daga jami'a, amma ya garzaya kotu, ya kuma koma bakin aikinsa. Daga baya ya kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya.

Masu sukarsa sun zarge shi da zafin ra'ayi da rashin sassauci a muhawara. Ɗalibansa kuwa suna tuna shi a matsayin malamin da ba ya karɓar magana sai da hujja.

Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumban 2005, yana da shekara 60. Daga cikin 'ya'yansa akwai Hadiza Bala Usman, wadda ta shugabanci Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya daga 2016.