Bart Bok, mutumin da ya tsaya kallon duhun sama

Jama'ar Tebaram da ƴan uwa da ke bida a Abijan da Libiya, in dare ya yi babu wata, ku ɗaga kai. Za ku ga farin zanen nan da ya ratsa sama, da wasu wurare baƙaƙe a cikinsa kamar an ɓula shi. To, akwai mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan duhu.

An haifi Bart Bok a garin Hoorn na ƙasar Holan a 1906. A 1928, wajen taron masana taurari a Leiden, ya haɗu da wata malama Ba'amurkiya, Priscilla Fairfield, wadda ta girme shi da shekara goma. Suka yi aure a 1929, ya kama aiki a jami'ar Harvard. Tare suka rubuta littafi kan wancan farin zane, ya fito a 1941.

A 1947 shi da Edith Reilly suka jawo hankalin masana ga wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe a hotunan sama. Wurin ba fanko ba ne: curin iskar gas ne da ƙura, mai kauri da tsananin sanyi, da ke tare hasken bayansa kamar yadda hazo ke rufe rana. Suka ce nauyin curin na matse shi har cikinsa ya yi zafi, nan tauraro ke haihuwa. Amma fa hujja? Madubin hangen zamanin ba ya ratsa ƙura.

Ya shugabanci gidan kallon taurari na Mount Stromlo a Ostireliya daga 1957, sannan na Steward a Arizona daga 1966. Da ciwo ya kwantar da Priscilla, ya ajiye babban muƙaminsa a ƙungiyar masana taurari ta duniya ya zauna jinyarta har ta rasu a 1975. Shi kuma ya rasu a Tucson a 1983.

Sai a 1990, da na'urorin da ke kama hasken zafi wanda ido ba ya gani, aka hango jariran taurari kwance cikin curin nan, waɗanda yau ake kira da sunansa. Yanzu masana na auna kaurin irin wannan gas ta siginar rediyo da yake fitarwa, i, rediyo, don su ƙiyasta taurari nawa ake haihuwa a shekara.