Tarihin Shehu Albiruni, Malamin Da Ya Auna Zinariya Da Ruwa

Ɗalibin kimiyya, ko a Jami'ar Maiduguri yake ko a ta Legas, in yana son sanin nauyin wani ƙarfe ko zafin da ke narkar da shi, sai ya buɗe wani ƙaton littafi mai cike da jadawali ya duba. Mafi shahara cikin irin waɗannan littattafai a Amurka aka fara buga shi, cikin 1914. Amma kusan shekara 900 kafin nan wani malami ya riga ya share hanyar, watau Abu Raihan Muhammadu ɗan Ahmadu Albiruni.

An haife shi cikin 973 a ƙasar Hawarizim, inda Uzbekistan take yanzu. Tun yana saurayi ya ƙware a lissafi da ilmin taurari. Cikin 1017 Sarki Mahmudu na Gazna ya ci ƙasarsu da yaƙi, ya tasa ƙeyarsa zuwa Gazna, a Afganistan. Zaman baƙunci bai karya masa gwiwa ba. Ya shiga Indiya, ya koyi harshen malamanta, Sanskirit, ya rubuta babban littafi a kan al'adun mutanenta.

A wancan zamani, kamar yau, akan yi wa zinariya algus da azurfa ko jan ƙarfe, ido kuwa ba ya rabewa. Sai Albiruni ya yi wani ɗan tulu mai faɗin gindi da siririn wuya, da bututu a gefen wuyan. Yakan cika shi da ruwa, ya jefa miskali 100 na ƙarfen da yake so ya gwada, sa'an nan ya auna ruwan da ya tsiyaye ta bututun. Ya yi ta maimaitawa har ya gamsu. Ya tarar zinariya ta ninka ruwa daidai girmanta nauyi sau 19 da ɗan ɗoriya. Littattafan yau sun ce 19.3 ne. Azurfa kuwa 10.5 take, saboda haka zinariyar da aka gauraya ta fi tsantsarta cin wuri, ta fi zubar da ruwa, asirin mai algus ya tonu.

Haka ya bi ƙarafa da duwatsu masu daraja ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma yi littafi a kansu, Kitabul Jamahir, a zamanin Sarki Maududu, jikan Mahmudu. Wajen 1121 Alkazini, wani malami a birnin Marwa, ya kwashi alkalumansa ya sa cikin Mizanul Hikima, suka zama abin dubawa ga na baya.

Da ya tsufa ya tattara magunguna da sunayensu cikin harsuna daban-daban a littafi guda. Allah ya yi masa rasuwa a Gazna wajen 1050, yana da shekara kusan 80. Allah ya jiƙansa, amin.