Learie Constantine, Baƙon Garin Nelson

Duk inda masu son wasan kurket suka taru, ko a Landan ne, ko a Indiya, ko a gefen filin nan na Dandalin Tafawa Ɓalewa a Ikko, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa. Wato in aka ce a zaɓi mutum 11 da suka fi kowa tun da aka fara wasan, su wa za a ɗauka, su wa za a bari?

Ga wanda bai saba da wasan ba, abin a taƙaice shi ne: wani na jifa da ƙwallo yana neman ya kaɗe turaku uku da aka kafa, wani kuma na tsaye da faffaɗar sanda yana kare su, in ya doke ƙwallon ya yi gudu ya sami maki, sauran 'yan wasa na warwatse a fili suna jira su cafe. Kome a rubuce yake, shi ya sa masu gardamar ke dogara da lissafi. Donald Bradman na Ostareliya ba a jayayya a kansa, don in aka raba makinsa da yawan fitar da shi da aka yi, ana samun 99.94. Garfield Sobers ma haka, ya tara maki 8,032, ya kuma fitar da mutum 235. A 2013 masu littafin Wisden, wanda shi ne kundin wasan na shekara-shekara, suka fitar da nasu 11, da waɗannan biyun a ciki, da su W. G. Grace da Jack Hobbs da Sachin Tendulkar da Shane Warne.

Mutumin da zan ba ku tarihinsa yau ba ya cikinsu, kuma in lissafi za a bi ba zai taɓa shiga ba. Wasan ƙasa da ƙasa 18 kacal ya yi, makinsa 635, waɗanda ya fitar 58. Amma ni a ganina a nan ne lissafin ya gaza.

An haifi Learie Constantine ran 21 ga Satumba 1901 a kusa da Diego Martin, cikin tsibirin Tirinidad, wanda a lokacin yana hannun Ingilishi. Jinin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. Ubansa, Lebrun, mai lura da ma'aikata ne a gonar koko, kuma shi ma gwanin kurket ne, har ya je Ingila sau biyu, a 1900 da 1906, cikin ƙungiyar tsibiran da ake kira Wes Indis. Kawunsa Victor Pascall shi ma ɗan wasa ne. A tsakar gida suka koya masa, kuma abin da uban ya fi matsa masa a kai shi ne cafe ƙwallo. Da ya bar makaranta sai ya shiga aikin akawu a ofishin lauya a Port of Spain. Burinsa ya zama lauya, amma a zamanin nan baƙar fata mara dukiya iyakarsa teburin akawu.

Ya fara zuwa Ingila da ƙungiyar a 1923, aka yaba da zafin namansa a fili, ya dawo gida ya ci gaba da fama da ƙaramin albashi. Da aka sake tafiya a 1928, ya riga ya yi aure, ga jaririya, ya kuwa ƙudura a ransa cewa sai ya sami mai ɗaukarsa aiki a can.

A watan Yuni na shekarar, a filin Lord's na Landan, suka kara da ƙungiyar Middlesex. 'Yan tsibiri na cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi ya shigo ya buga maki 86 cikin ƙasa da awa guda. Da aka juya, ya karɓi ƙwallo ya fitar da mutum 7, maki 57 kawai suka samu a hannunsa. Saura ana neman 259 kafin a ci wasa, mutum biyar sun riga sun fita, ya sake shigowa ya buga 103 cikin awa ɗaya, suka ci. Kafin su bar Ingila ya tara maki 1,381, ya fitar da mutum 107. A wannan tafiyar ce kuma Wes Indis ta yi wasanta na farko na ƙasa da ƙasa, kuma shi ne ya fitar mata da mutum na farko.

Sai ga takarda daga Nelson.

Nelson ƙaramin gari ne na masaƙa a Lankasha, arewacin Ingila. Mutanensa leburorin masana'antar auduga ne, ranar Asabar da rana suke samun sararin kallon wasa, kuma kowace ƙungiya a yankin tana da izinin ɗaukar ƙwararre guda ɗaya ta biya shi. Suka ɗauke shi a 1929. Yawancin mutanen garin ba su taɓa zama da baƙar fata ba. Yara kan taru su leƙa ta taga don su ga yadda suke, wasu manya kan kau da kai in an haɗu a hanya, wasu har wasiƙun zagi suke aiko masa. Wanda ya taɓa sauka da ƙunshin kayansa a garin da ba a jin harshensa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin ya ishe shi har ya yi niyyar komawa gida, matarsa Norma ce ta ce a daure.

Daurewar ta yi rana. Shekara 9 ya yi yana yi wa Nelson wasa, daga 1929 zuwa 1937, a ciki suka ɗauki kofin yankin sau 7. A 1934 ya fitar da mutum goma na ƙungiyar Accrington shi kaɗai, maki 10 kawai suka samu a kansa. Duk garin da Nelson ta je wasa sai fili ya cika, har ƙungiyoyin da yake lallasawa suna murna da zuwansa saboda kuɗin ƙofa, ga shi kuwa lokacin masaƙu na rufewa, aiki ya yi wuya. Waɗanda suka gan shi sun fi tuna yadda yake cafe ƙwallo, wani lokaci ta bayansa, kamar hannun na da ido. Wannan kuwa ba ya shiga lissafin da ake gardama da shi. Iyalin suka zauna a garin shekara 20, kuma a gidansu ne marubucin nan na Tirinidad, C. L. R. James, ya sauka da ya zo Ingila a 1932.

Zamansa a Nelson na cikin abin da ya rage masa yawan wasannin ƙasa da ƙasa, don mai abinci a hannun wani ba kullum yake samun izinin tafiya ba. Duk da haka, ran da Wes Indis ta fara cin Ingila, a Georgetown cikin 1930, mutum 9 ya fitar. Abin da ya fi ci masa rai shi ne al'adar da ta ce kyaftin ɗin ƙungiyar sai Bature, kome gwanintar baƙaƙen da ke ƙarƙashinsa. Ya yi ta magana a kai, amma sai a 1960 aka ba Frank Worrell riƙon ƙungiyar sosai.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Ma'aikatar Ƙwadago ta Ingila ta ba shi aikin kula da jin daɗin mutanen tsibiran da aka kawo aikin masana'antu a yankin Liverpool, yana shiga tsakaninsu da masu gidajen haya da shugabannin aiki, kusan irin aikin sarkin baƙi a zango. A 1943 ya zo Landan da iyalinsa don wani wasa a Lord's. Ya riga ya kama ɗaki na kwana huɗu a otal ɗin Imperial, an kuma tabbatar masa launin fatarsa ba zai zama matsala ba. Da suka iso sai aka ce kwana ɗaya kaɗai za su yi, wai kada sojojin Amurka da ke otal ɗin su ji haushi. Ya kwashe iyalinsa ya koma wani masauki, sa'an nan ya kai ƙara. A watan Yuni 1944 Mai Shari'a Birkett ya ba shi gaskiya, ya ce a biya shi gini biyar, wato fam 5 da sule 5. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Amma a lokacin babu dokar da ta hana wariyar launi a Ingila, sai a 1965 aka yi ta, kuma ana lissafa wannan shari'a cikin abubuwan da suka share mata hanya. A 1945, da aka haɗa 'yan wasan ƙasashen daular Ingila don su kara da Ingila a Lord's, shi aka ba kyaftin, sauran duk Turawa, suka kuwa ci.

Burin ƙuruciya bai mutu ba. Ya sha wahalar jarrabawa shekara da shekaru, sai a 1954 ya zama lauya, yana da shekara 53. A shekarar ya fitar da littafinsa Colour Bar kan wariyar launi, ya koma Tirinidad, ya zama shugaban jam'iyyar PNM ta Eric Williams, ya ci zaɓe a 1956 aka ba shi ministan ayyuka da sadarwa. Siyasa ba ta karɓe shi ba, ba shi da fatar jure zage-zagenta. A 1961 aka tura shi Landan wakilcin ƙasarsa, a 1962 Sarauniya ta ba shi lambar Sir. A 1963 da aka yi rikici a Bristol saboda kamfanin bas ya ƙi ɗaukar baƙaƙe aikin direba da kwandasta, ya je da kansa ya sa baki. Gwamnatinsa ta ga ya wuce gona da iri a matsayinsa na jakada, a 1964 ya bar kujerar.

A 1969 ya zama baƙar fata na farko da ya shiga Majalisar Dattawan Ingila. Al'ada ce mai wannan sarauta ya haɗa sunansa da na wani wuri, shi kuwa ya ɗauki biyu: Maraval ta Tirinidad, da Nelson, garin da yara suka riƙa leƙensa ta taga. Ya rasu a Landan ran 1 ga Yuli 1971, aka kai gawarsa Tirinidad aka binne shi a Arouca da jana'izar gwamnati. Hukumar kurket ta duniya ba ta sa sunansa cikin jerin gwarzayenta ba sai a 2021, shekara 50 bayan rasuwarsa.