Vincent Figgins

Vincent Figgins (1766 zuwa 29 ga Fabrairu 1844) Bature ne ɗan Ingila, maƙerin haruffan ɗab'i a birnin Landan. An fi saninsa da fito da haruffa masu kaurin ƙafa, waɗanda suka sauya kamannin takardun talla a ƙarni na 19.

Farkon rayuwa

Ya koyi sana'a a hannun Joseph Jackson. A lokacin, kowane harafi sai an sassaƙa shi a kan ƙarfe, a yi masa mazubi, sannan a zuba narkakkiyar dalma haɗe da kuza. Da rashin lafiya ya kama Jackson, Figgins ne ya riƙe maƙerar. Amma da maigidan ya rasu a 1792, ba shi da kuɗin sayenta, sai William Caslon na uku ya saye. Wani mai buga littattafai, John Nichols, shi ya ƙarfafa masa gwiwa ya buɗe tasa.

Aiki

Bayan haruffan boko, maƙerarsa ta yi na Girkanci da na Farisanci, wanda asalinsa rubutun Larabci ne kamar ajaminmu.

A kundin samfurinsa mai ɗauke da shekarar 1815 aka ga wani sabon salo da ya kira Antique. Haruffan littafi suna da ƴan siraran ƙafafu a ƙarshen kowane layi. A nan kuwa an kaurara ƙafafun, suka zama kamar tubali, kusan kauri ɗaya da jikin harafin. Dalilin kasuwa ne: mai talla yana son rubutun da za a hango daga nesa a jikin bango. Daga baya sunan Egyptian ya bi salon, saboda yayin kayan Masar da aka yi a Turai bayan yaƙin Napoleon, ko da yake babu abin da ya haɗa shi da rubutun Masar. Wasu masanan ɗab'i na zamanin sun raina shi, suna ganin muni ne kawai, amma kasuwa ba ta saurare su ba.

Tasiri

Daga wannan tushe aka samu Clarendon a 1845 da Rockwell a 1934, har da haruffan tafireta. Manyan haruffan talla kuma an koma yin su da katako, wanda yawan bugu ke sa ya tsage, gefensa ya cinye, tawada ta ƙi kama wasu wurare. Wannan tsufan da masu ɗab'i na da suke ɗauka aibi, shi masu zane a kwamfuta ke kwaikwaya yau da gangan. Abin takaici ga mai rubuta Hausa, da yawan irin waɗannan haruffa ba su da ɓ, ɗ da ƙ.

Rasuwa

Ya bar wa ƴaƴansa Vincent da James maƙerar a 1836. Ya rasu a 1844, kabarinsa yana maƙabartar Nunhead a Landan.